Gyaran jirgin ruwa: sana'ar da rayukan fasinjojin Binuwai suka rataya a kanta

Maiha ba ta da tashar jiragen ruwa. Ƙasa ce ta tuddai da gonaki a arewacin Adamawa, kan iyaka da Kamaru, kuma rafukanta kan janye da rani. Amma ɗan kasuwar da ya gangaro daga can da damina, ya nufi ƙauyukan bakin kogi na Fufore ko na Numan, a ƙarshe sai ya sa ƙafa cikin jirgin katako. Daga wannan lokaci rayuwarsa tana hannun mutum biyu: matuƙin da yake gani, da kafintan da bai taɓa gani ba.

Jiragen da ke aiki a Binuwai iri biyu ne. Akwai kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga gungume guda, galibi na maɗaci ko kawo, wanda masunta suka fi amfani da shi. Akwai kuma babban jirgin fasinja da kaya, wanda ake haɗawa da alluna a bakin kwata. Kafinta yakan shimfiɗa gindin jirgin, ya tayar da haƙarƙarinsa, ya jera alluna yana bugawa da ƙusa, sannan ya cusa tsumma ko auduga a tsakanin allo da allo, ya bi da narkakkiyar kwalta. Duk ƙarfin jirgin yana cikin waɗannan mahaɗai.

A nan ne kuma lalacewa take farawa. Katako yana kumbura cikin ruwa, ya ƙanƙance a rana. Jirgin da ya kwana watanni a kan yashi lokacin da kogi ya ja baya, mahaɗansa sun buɗe, kwaltarsa ta tsattsage, ƙusoshinsa sun yi tsatsa a cikin allon da ido ba ya gani. Gyara na gaskiya yana bukatar a fito da jirgin tudu, a kife shi, a ƙwanƙwasa kowane allo don a ji wanda ya ruɓe, a cire shi. Wannan aiki yana cin kwanaki da kuɗi, kuma yakan faɗo daidai lokacin da ruwa ya kawo, fasinja ya yi yawa. Sau da yawa mai jirgi yakan zaɓi faci, ya sa yaro da roba yana kwarfe ruwa a hanya. Ƙarin nauyi kuma shi ne injin da ake ɗaurawa a baya, irin su Yamaha, wanda girgizarsa ke sassauta ƙusoshi a hankali.

Adamawa ta ga sakamakon haɗuran ruwa a watan Satumba na 2023, lokacin da jiragen fasinja suka kife a tafkin Njuwa da ke Yola da kuma Gurin ta ƙaramar hukumar Fufore, kwanaki kaɗan tsakani. Kafin nan, a watan Mayu na 2021, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a kogin Neja kusa da Wara ta jihar Kebbi, mafi yawansu ba su tsira ba. Bayan kowane haɗari akan yi maganar lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Ba a cika tambayar ranar da aka yi wa jirgin gyara na ƙarshe ba, domin babu takardar da za a duba.

A tashoshin teku na ƙasashen waje, wannan tambaya ita ce ta haifar da masana'anta sukutum. A Palma ta ƙasar Sifen da Fort Lauderdale ta Amurka, inda attajirai ke ajiye jiragensu na shaƙatawa, akan ɗaga jirgi daga ruwa kusan kowace shekara, a kankare gindinsa, a sake fenti, a duba injin, kuma manyan cikinsu suna fuskantar cikakken bincike duk bayan shekara 5. Kamfanonin inshora sukan nemi ganin irin wannan tarihi a rubuce. Kuɗin ba iri ɗaya ba ne da na Binuwai, ko kusa. Amma littafin da ake rubuta ranar gyara a ciki bai fi ƙarfin kowace kwata ba.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A shekarun 1950 an kafa wuraren ƙera jirage a Opobo da Makurɗi, kuma a Legas ma'aikatar sojan ruwa ta ƙera jirgin yaƙi NNS Andoni, wanda ya fara aiki a 2012. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ce doka ta ɗora wa rajista da duba jiragen kogi. Sai dai kwatoci sun fi jami'anta yawa nesa ba kusa ba, kuma a yawancinsu Sarkin Ruwa da ƙungiyar matuƙa ne suka san jirgin da ke yoyo.

Ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙira a 2023, ƙarƙashin Adegboyega Oyetola, tana kira ga jihohi su daina amfani da jiragen katako su koma na faiba da alminiyum. Jirgin faiba ba ya ruɓa, amma yana tsagewa idan ya daki dutse ko kututture, kuma liƙe shi yana bukatar sinadari da ƙwarewar da ta bambanta da ta kafinta. Idan aka raba irin waɗannan jirage a Jimeta ko Numan ba tare da an koya wa masu gyara na bakin kwata aikinsu ba, wanda ya fara fashewa zai zauna a kan yashi, matuƙinsa ya koma ga tsohon na katako.