Matan da Suka Hau Kujerar Matuƙi a Sojin Saman Najeriya

Mu mutanen Kaduna da muka girma kusa da Mando, rugugin jirgin soja ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Abin da ya daɗe bai faru ba shi ne a ce mace ce riƙe da jirgin.

Wadda ta fara buɗe wannan ƙofa 'yar jiharmu ce, Blessing Liman, daga Zangon Kataf. Ta yi karatun tuƙi a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, ta zama hafsa a ƙarshen 2011, aka liƙa mata alamar fuka-fuki a ƙirji a 2012. A shekarar 2011 ɗin ne kuma makarantar horar da hafsoshi ta NDA ta fara ɗaukar 'yan mata a sahun mayaƙa. A ganina wannan shawara ta fi kowane biki muhimmanci, domin ko yarinya ta fi kowa ƙwaƙwalwa, idan ba a ba ta fom ba, ina za ta nuna ta?

Ranar 15 ga Oktoba, 2019, a zamanin da Sadique Abubakar ke shugabantar rundunar sojin sama, mata biyu suka karɓi fuka-fukansu tare. Kafayat Sanni, wadda ta samu horo a Amurka, ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi. Tolulope Arotile kuwa ta zama ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu.

Tolulope ce ta fi tsaya mini a rai. Iyayenta 'yan jihar Kogi ne, amma a Kaduna aka haife ta a 1995, a makarantun sojin sama na garin ta yi firamare da sakandare, sannan ta karanta lissafi a NDA. Daga nan aka tura ta Afirka ta Kudu koyon tuƙi. Da ta dawo ba a ajiye ta a ofis don ɗaukar hoto ba. An sa ta cikin farmakin Gama Aiki, tana tashi daga Minna tana bin 'yan bindiga a dazuzzukan jihar Neja. Wanda ya san irin makaman da ke hannun waɗancan mutane, ya san jirgin da ke yin ƙasa-ƙasa a kansu ba wasa ya je yi ba.

Amma ajali ba a daji ya same ta ba. Ranar 14 ga Yuli, 2020, a cikin barikin sojin sama na Kaduna, wata mota da ke ja da baya ta buge ta, kuma rundunar ta ce wani tsohon abokin karatunta ne a sitiyari. Shekarunta 24. Jama'a sun yi ta tambayoyi, da ƙyar ƙura ta lafa. An binne ta a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, wata tara da samun fuka-fukanta.