Gidajen Abinci Da Masaukan Baƙi A Nguru Da Gashuwa: Tsada Ta Kori Masu Saye, Ƙarancin Lada Ya Kori Ma'aikata

Garuruwan Nguru da Gashuwa da ke arewacin Jihar Yobe sun daɗe da sanin baƙo. Tun wajen 1930 da layin dogo daga Kano ya isa Nguru, garin ya zama matattarar fataken gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi. Gashuwa kuwa, hedkwatar masarautar Bade, ta shahara da kifi da shinkafar fadama, sa'an nan a 2013 aka kafa mata jami'ar tarayya. Ɗalibai da malamai, da masu jinya a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, da direbobi da dillalan hatsi, duk suna bukatar wurin cin abinci da wurin kwana. A kan waɗannan mutane ne sana'ar gidajen abinci da masaukai ta dogara.

To amma tun daga 2023 wannan sana'a ta shiga tsaka mai wuya. Kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabo, masu saye sun ragu, kuma ƙwararrun ma'aikata ba sa zama.

Tushen tsadar ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura Naira 1,000 a Oktoban 2024. A Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta tsayar da darajar Naira, dalar da ke wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari a Yunin 2024. Irin wannan ƙunci ne ya fito da jama'a zanga-zanga a farkon Agustan shekarar, har gwamnatin jihar ta sa dokar hana fita a Potiskum da Gashuwa da Nguru.

Nisa ya ƙara wa garuruwan biyu nauyi. Fulawa da sukari da taliya da manja da iskar gas duk a mota ake kawo su, galibi daga Kano, saboda haka kowane ƙarin kuɗin mai yana shiga farashinsu kafin a sauke su a kanti. Abin da ake samu a gida ma bai tsira ba. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da yawa a ƙasar Bade, ciyawar kacala kuma ta daɗe tana toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, inda kifi da shinkafa ke fitowa. Rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ya taɓa cinikin dabbobi da wake. Mai masauki kuwa, ga kuɗin man janareta a yankin da zafin bazara kan wuce digiri 40, inda baƙo ba ya karɓar ɗakin da ba fanka ba ruwa.

Mai gidan abinci ba ya iya ɗora duk wannan a kan faranti. Masu cin abincinsa ma'aikata ne da ɗalibai da leburori, waɗanda kuɗin shigarsu bai bi farashi ba. In ya ƙara kuɗi da yawa, sai su koma wurin mai shayi ko mai awara, ko su haƙura har su koma gida. Don haka sai ya rage yawan tuwo, ya ƙanƙanta yankan nama, ya kuma danne abu guda da yake da iko a kansa, wato ladan ma'aikata.

Nan ne matsala ta biyu ta samo asali. Bayan annobar korona ta 2020, gidajen abinci a Amurka da Ingila sun yi kukan rashin ma'aikata, domin guraben aiki sun fi masu nema yawa. A arewacin Yobe abin ya sha bamban. Masu neman aiki suna nan birjik. Wanda ya yi ƙaranci shi ne ma'aikacin da ya iya aikin kuma zai zauna: matar da ta san yadda ake tuƙa tuwon mutum ɗari ba tare da ya yi gudaji ba, wadda burabuskonta da miyarta ke dawo da mai saye, da yaron da za a bar wa akwatin kuɗi a tafi masallaci hankali kwance.

Irin wannan ma'aikaci yana da zaɓi. Da damina gonar gidansu na jiransa. Da kaka ana neman masu yankan shinkafa da girbin riɗi, da rani kuma ga lambunan barkono da albasa da alkama a fadama, inda ake biyan ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aiki. Wasu sun koma tuƙin Keke Napep ko sana'ar POS, wasu sun tafi ci-rani. Aikin gidan abinci kuwa daga asuba ne har dare, a gaban wuta, ladan kuma sau da yawa sai ƙarshen wata. A lokacin da farashi ke tashi kowane mako, kuɗin da aka karɓa yau ya fi wanda za a karɓa bayan kwana talatin daraja.

Doka ma ba ta taimaka wa ƙaramin ma'aikaci ba. A Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000, to amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma kusan duk gidajen abincin garuruwan nan ƙasa da haka suke. Duk da haka sabon adadin ya zama ma'aunin da ma'aikaci ke auna ladansa da shi.

A 2025 farashin hatsi ya sauko a kasuwannin Arewa, bayan damina mai kyau da kuma izinin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake ba haraji na kwana 150 da gwamnati ta bayar a 2024. Wannan ya kawo sauƙi, sai dai hatsi kashi ɗaya ne kawai na kuɗin faranti. Nama da mai da itace da ruwan 'yan garuwa da kuɗin haya ba su bi shi ƙasa da wannan sauri ba.

Abin da ya kamata masu sana'ar su yi shi ne lissafi. A ɗauka, alal misali, ladan ma'aikata kashi 10 ne cikin ɗari na abin da gidan abinci ke kashewa. In aka ƙara ladan da kashi 30 cikin ɗari, jimillar kuɗin da ake kashewa za ta ƙaru da kashi 3 kacal. A ɗaya ɓangaren, tafiyar mai dafa abinci guda tana jawo ɓarnar kayan miya a hannun sabuwa, da canjin ɗanɗano, da asarar masu sayen da aka shekara ana tarawa. Wannan asara ba ta bayyana a littafin ciniki, amma ta kan fi ƙarin ladan yawa.

Akwai kuma matakan da ba sa bukatar jari mai yawa. Biyan lada kullum ko mako-mako yana gogayya da ladan gona. Ba ma'aikaci hutun shuka da girbi bisa yarjejeniya ya fi a wayi gari a ga ba ya nan. Rage nau'o'in abinci zuwa uku ko huɗu da aka fi saye yana rage ɓarna da wahala. Haɗa kuɗi tsakanin masu sana'a a sayi hatsi da kaka, ko a ɗauko kaya mota guda daga Kano, yana rage kuɗin dako. Ga masaukai, fanka da famfon ruwa masu aiki da hasken rana suna biyan kuɗinsu daga man da aka daina saye.

Baƙi ba za su daina zuwa Nguru da Gashuwa ba muddin akwai kasuwa da jami'a da asibiti. Wanda zai ci ribar zuwansu shi ne wanda ya riƙe ma'aikatansa a wannan lokaci na tsanani, domin buhun shinkafa ana iya sayensa gobe a kasuwa, amma hannun da ya iya dafa ta sai an shekara ana koyar da shi.