Taki ya yi yawa, gora ta gaji: abin da ya faru a dazukan ƙasar Sin

A gundumar Lin'an da ke lardin Zhejiang a gabashin ƙasar Sin, da zarar sanyi ya kama, manoman gora sukan lulluɓe ƙasar gonakinsu da ƙaiƙayin shinkafa da harawarta. Lulluɓin yana ɗumama ƙasa, sai tohon gora ya fito kafin lokacinsa, daidai bikin sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da yake tsada a kasuwa. A can toho abinci ne, ana dafa shi kamar kayan lambu. Don ya fito da yawa, manoma sun riƙa zuba takin zamani babu ƙaƙƙautawa.

Shekarun farko an samu kuɗi. Daga baya gonaki da dama suka soma ja da baya: ƙasa ta yi tsami, jijiyoyin gora suka taso sama, toho ya ragu, alhali awon ƙasa na nuna sinadarin fosfor ya taru jingim a cikinta. Abinci na nan, amma gora ta kasa amfana da shi.

Gora mai saurin girma

Ƙasar Sin na da dazukan gora da suka haura hekta miliyan 6, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na nau'in da ake kira moso ne, wanda ake yin katako, takarda da kayan ɗaki da shi. Tohon moso yana iya ƙara kusan mita ɗaya a rana idan girma ya kankama, ya kai cikakken tsawonsa cikin wata biyu kacal. A wannan lokaci ba shi da ganye, don haka manyan gorar da ke kewaye da shi ne ke ciyar da shi ta jijiyoyin da suka haɗa su a ƙarƙashin ƙasa.

Irin wannan gudu yana bukatar fosfor, domin da shi tsiro ke sarrafa ƙarfin da yake samu daga rana, da shi kuma yake gina sababbin saiwoyi. Matsalar ita ce jar ƙasar kudancin Sin tana da tsami, kuma ƙarfe da alminiyom da ke cikinta suna riƙe fosfor gam. Mafi yawan wanda aka zuba ba ya isa ga saiwa a shekarar farko.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Masu kwance wannan ƙulli su ne ƙananan halittun cikin ƙasa. Akwai bakteriya da ke fitar da ruwa mai tsami wanda ke narkar da fosfor ɗin da ya maƙale. Akwai masu fitar da wani sinadari, fosfataz, da ke ciro fosfor daga ruɓaɓɓen ganye. Akwai kuma wata irin fumfuna da masana ke kira mikoriza, wadda ke shiga cikin saiwa ta miƙa zarurruka siraran da suka fi gashi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne: fumfuna ta kawo fosfor, gora ta biya ta da sukari.

Idan ƙasa na fama da ƙarancin fosfor, ɗan taki kaɗan yakan taimaki gora da waɗannan halittu gaba ɗaya. Amma idan ya yi yawa, cinikin yakan lalace. Tsiro ya ga abinci a bakin ƙofa, sai ya rage sukarin da yake bai wa fumfuna, ita kuma ta ja baya. Masu fitar da fosfataz su ma sukan rage aiki. A gefe guda, yawan takin ire yana ƙara wa ƙasa tsami, abin da bakteriya da dama ba sa jurewa. Ragowar fosfor kuwa ruwan sama ke kwashewa zuwa ƙoramu da tafkuna, inda yake haddasa yaɗuwar gansakuka da ke shaƙe kifi.

Maganin da masana a can ke bayarwa ba mai wuya ba ne: a auna ƙasa kafin a zuba taki, a rage yawansa, a haɗa da takin gargajiya, a sa farar ƙasa don rage tsami, a kuma hutar da gona daga lulluɓi na wasu shekaru.

Ina ruwan manomin Nijar?

Dazukan moso sun yi nisa da jigawar Maradi ko ta Damagaram, amma ƙishirwar iri ɗaya ce. Ƙarancin fosfor na cikin manyan abubuwan da ke tauye amfanin hatsi a ƙasar rairayi ta Nijar, kuma gero da wake su ma suna hulɗa da mikoriza kamar yadda gora ke yi.

Bambancin shi ne manomin nan ba yawan taki ke damunsa ba, tsadarsa ce. Shi ya sa binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadoré, kudu da Yamai, ya karkata ga dabarar sa taki ɗan kaɗan a ramin shuka: giram 2 na DAP ko giram 6 na NPK a kowane rami, maimakon watsa shi a faɗin gona. Haka kuma garin dutsen fosfat na jihar Tahoua ba ya narkewa nan take. Sai da damshi, da taimakon saiwoyi da ƙananan halittu. Ƙasar da aka kwashe mata kara kaf, ba kashin dabbobi, ba ruɓaɓɓen ganye, ba ta da abin ciyar da su.

Kowace shekara kafin faɗuwar damina, matasan da ke Yamai, Legas, Abijan ko Agadas suna aika kuɗin taki gida. Ban da yawan buhunan da kuɗin zai saya, yana da kyau su tambayi yadda za a zuba shi, da ko an kai takin gargajiya gonar tun da rani. Manoman Lin'an sun gano amsar ne bayan ƙasarsu ta gaji, kuma farfaɗo da ita aikin shekaru ne.