Idan ɗanku ya faɗi jarrabawar tuƙin jirgin sama, ga abin da ya kamata ku sani

Koyon tuƙin jirgin sama karatu ne mai cin kuɗi, kuma a wajenmu da wuya mutum ɗaya ya ɗauki nauyinsa. Ni ɗan Doma ne ta jihar Nasarawa, mazaunin Agege, na kuma san yadda ake yi: na gida su sayar da riɗi da doya, mu na Kurmi mu yi karo-karo. Yaranmu suna da dalilin sha'awa. Sun ga jirgi yana yafa irin shinkafa a gonar Olam da ke Rukubi, ga kuma filin jirgin Lafiya da aka buɗe a 2022. To amma ranar da aka ce yaro ya faɗi gwajin tuƙi, sai ka ji gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa, har wasu su ce kuɗi sun bi ruwa. Ba haka abin yake ba.

A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasisin tuƙi, makarantu irin su kwalejin Zariya da aka kafa a 1964 da ta Ilori su ne ke koyarwa. Lasisin hawa-hawa ne. Na farko yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama, na haya kimanin awa 200, na zama kyaftin ɗin babban jirgin fasinja kuwa awa 1,500. Kowane mataki yana da jarrabawar rubutu, da tambayoyin baka, sannan a hau jirgi da mai jarrabawa yana zaune a gefe.

A sama ɗin nan ba a yin "ai ya kusa". Misali a ƙa'idar Amurka, idan ɗalibi ya karkata jirgi digiri 45 yana zagaye, ba a so ya hau ko ya sauka fiye da ƙafa 100. Sai kuma a rage masa ƙarfin inji kwatsam, a ce ya nuna inda zai sauka. Ga iska mai bugowa daga gefe lokacin sauka, ga magana da hasumiya da Turanci. Abu ɗaya ya kuɓuce, shi ke nan, an faɗi. Yaron da ya yi daidai sau ashirin gaban malaminsa yana iya ruɗewa ranar.

Faɗuwar ba kora ba ce. Mai jarrabawa zai rubuta wuraren da aka gaza, ɗalibi ya koma wajen malaminsa ya ƙara horo a kansu, malamin ya sa hannu cewa ya shirya, sai a sake. A Amurka ma, in ya koma cikin kwana 60, ana ƙirga masa abubuwan da ya riga ya ci. Shi ya sa nake gaya wa 'yan uwa tun farko su ware kuɗin ƙarin awoyi da na maimai. Abin da ya fi kashe karatun shi ne yaro ya dawo gida ya zauna wata shida ana neman kuɗi ko ana fushi da shi. Hannu yana mantuwa, kuma duk awar da zai sake yi don ya dawo yadda yake, kuɗi ce.

Wani ɗan garinmu ya faɗi a wajen sauka, sai da ya yi sati uku bai gaya wa mahaifinsa ba. Da maganar ta fito, Alhajin cewa ya yi: "Ɗana, faɗuwar ba ta dame ni kamar ɓoyewar ba." Gaskiya ya faɗa, domin a wannan sana'a ɓoyewa tana iya cin rai. A Fabrairun 2009 jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo na Amurka, mutum 50 suka mutu. Bincike ya nuna kyaftin ɗin ya sha faɗuwa gwaji, kuma bai bayyana wa kamfanin duka ba lokacin da aka ɗauke shi aiki. Bayan haka ne Amurka ta kafa rumbun bayanan matuƙa da kamfanoni ke dubawa kafin su ɗauki mutum. Saboda haka in an tambayi yaro a intabiyu, ya ce e, na faɗi, ga abin da ya faru, ga yadda na gyara.

Shi kuma ɗalibi, shawarata ita ce ya rubuta duk abin da mai jarrabawa ya faɗa a ranar, tun bai manta ba. Ya zauna da malaminsa su gano tushen matsalar: rashin iyawa ne, ko fargaba, ko rashin barci? Kowanne da maganinsa. In wuri ɗaya yake ta faɗuwa, ya nemi wani malamin ya duba shi, kuma ya yarda da abin da aka gaya masa ko da ba daɗi.

Iyaye kuma ku sani, jarrabawa ba ta ƙarewa a wannan aiki. Kyaftin mai furfura ma yana komawa na'urar kwaikwayon tuƙi a gwada shi, galibi duk wata shida, ga binciken likita a kai a kai. Wanda ya koyi karɓar gyara tun yana ɗalibi, shi ne za ku so ya ɗauko ku daga Legas zuwa Abuja. In ɗanku ya kira ya ce bai ci ba, ku fara da yi masa sannu, sannan ku tambaye shi yaushe ne maimai.