Kada Ka Rushe Tsohon Siminti, Gyara Shi Ake Yi



Da yawa daga cikinmu ba da sabon gini muke farawa ba. Wani tsohon kwamin kifi ya samu haya, wani kuma ɗakin bayan gida ya mayar na kaji. Ni ma haka na fara: katanga ta yi baƙi, matakalar kwami duk gansakuka, daɓen hanya ya tsattsage. Na ɗauka maganar kwalliya ce kawai, sai ranar da santsi ya kwashe ni a matakala da bokitin 'ya'yan tarwaɗa a hannu. Rabinsu ba su kai gobe ba. To ga yadda na gyara wurin da kuɗi kaɗan.

Farko wanki. Ka samo burushin waya ka kankare gansakuka da duk simintin da ya ɓanɓare. A hanya da matakala za ka iya zuba bilic a ruwan wankin, amma ka tare shi kada ya gangara cikin kwami, don yana kashe kifi. Sai wuri ya yi fes za ka ga ainihin inda ya tsage.

Na biyu cike tsaga. Kuskuren da ake yi shi ne a shafa siminti a saman tsagar kawai, bayan wata guda ya faɗo. Ka sa guduma da cizal ka ɗan buɗe ta, ka share ƙurar, ka jiƙa wurin sosai. Busasshen tsohon siminti yana zuƙe ruwan sabon kwaɓi, shi ya sa ba ya kamawa. Kwaɓin kuwa kwano 1 na siminti, kwano 3 na yashi mai tsabta. Idan bangon kwami ne, ka tambayi masu kayan gini garin da ake haɗawa don hana yoyo. Bayan ka gama, ka riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da filasta tun bai yi ƙarfi ba.

Na uku matakala da hanya. Kada magini ya goge maka su sumul kamar tsakar ɗaki. Tun simintin yana ɗanye a ja tsintsiya a kansa, ƙafa za ta samu abin kamawa. A ɗan karkatar da hanyar ruwa ya riƙa wucewa, don inda ruwa ya kwanta nan gansakuka ke dawowa. Tunda an riga an kwaɓa, ka sa a yi maka ɗan gurbi a ƙofar ɗakin kaji na zuba maganin tsoma ƙafa.

Na huɗu katanga. Farar ƙasa ta fi fenti araha. Ka dama ta ruwa-ruwa kamar madara, ka shafa sau biyu, na farko ya bushe kafin na biyu. Ɗaki zai yi haske, farin bango kuma yana rage ɗaukar zafin rana. Ka sa safar hannu ka kare ido, tana cin fata. Ka yi aikin bayan an kwashe kaji, ya bushe kafin sababbi su shigo.

Yanzu ga babban gargaɗi. Cikin kwami ba a shafa fentin mai. Sabon siminti kuma yana sakin sinadarin da ke ɗaga pH na ruwa sama da abin da tarwaɗa ke so, wato wajen 6.5 zuwa 8.5. Ko faci kaɗan ka yi, ka cika ruwa, ka riƙa zubarwa kana sakewa har sati 2. Daga nan ka gwada da kifi biyar ko goma na kwana biyu. In suna cin abinci lafiya, sai ka zuba sauran.

Mai saye ma da ido yake fara ciniki. In ya tarar da gona tsaf, hankalinsa ya fi kwanciya da kayanka.

Mai tambaya ƙofa a buɗe take. Allah ya sa mana albarka a kiwonmu.