Rigar Shiga Ruwan Sanyi: Wacce Ta Dace da Masuntan Korama?

A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a Magarya da Dungas na yankin Damagaram, masuntan tafkunan kwarin Korama kan shiga ruwa da asuba daga su sai gajeren wando. Jiki kuwa yana saurin rasa ɗuminsa cikin ruwa, kusan ninki 25 na yadda yake rasa shi a sarari.

Masu nutso a tekunan Norwe da Kanada sun magance wannan da rigar da ruwa ba ya ratsa ta. Roba ce ke matse wuya da wuyan hannu, a saka kayan ɗumi daga ciki, iska na shiga ta bututu. Sabuwa mai kyau takan haura dalar Amurka 1,000, shi ya sa da yawa suke sayen gwanjo. Mai hankali zik yake fara dubawa, domin canza shi akwai tsada, sannan robar wuya, wadda zafi da rana ke tsattsagawa. Ga zafin Damagaram kuwa, ba a magana.

Ruwan Korama bai kai sanyin tekunan Norwe da Kanada ba. Wandon roba mai haɗe da takalmi, wanda ya kai ƙirji, ya wadatar da mai jan taru a bakin tafki, amma kada a kuskura a shiga zurfi da shi.