Willie Biyu, Fili Ɗaya: Wa Ya Zana Shinnecock?

Da yawa daga cikinmu in an ce golf, abin da ke faɗo mana a rai shi ne masu kuɗi suna yawo a kan ciyawa da sanda a hannu. To amma filin nan ba haka kawai ya tsiro ba. Akwai wanda ya taka ƙasar, ya duba tudu da kwari da inda iska ke kaɗawa, sannan ya ce ga inda kowane rami zai zauna. Matsalar ita ce, ba kullum sunansa ne ke shiga littafi ba.

Mu ɗauki Shinnecock Hills da ke Southampton a jihar Niyok ta Amurka. An kafa kulob ɗin a 1891, kuma yana cikin guda biyar da suka kafa hukumar golf ta Amurka a 1894. Shekaru masu yawa kowa na cewa Willie Dunn, ɗan ƙasar Sikotilan, shi ya zana filin farko. Labarin kuwa yana da daɗin ji: wasu attajiran Amurka sun gamu da shi a Biarritz ta Faransa, suka ga yadda yake buga ƙwallo, wasan ya shiga ransu, suka koma gida da niyyar yin nasu filin. Sai mutane suka ƙarasa labarin da kansu, wai ai shi suka ɗauko ya yi aikin.

Ashe ba haka ba ne. Wanda ya shata ramuka 12 na farko a 1891 wani Willie ne daban, Willie Davis, ƙwararren ɗan wasan kulob ɗin Royal Montreal a Kanada. Dunn daga baya ya zo, ya ƙara ramuka har suka cika 18 a 1895. Ka ga suna ɗaya, sana'a ɗaya, kuma farkon sunan mahaifi duk harafi ɗaya. Ga shi Dunn ya fi suna, don shi ya zo na biyu a gasar US Open ta farko a 1895. Shi kuwa Davis ya koma Newport, aikinsa ya bi ruwa.

Yaya ake gano irin wannan? Gaskiya aikin ba shi da wani armashi. Mai bincike ba ya fara da abin da tsoho ya tuna bayan shekara arba'in, domin tuni yakan gauraya. Yana fara da takardar da aka rubuta a lokacin: jaridun shekarar, littafin taron kulob, rasiɗin biyan kuɗi, wasiƙu. Tambayar farko ita ce, ina mutumin yake a wannan watan? In takarda ta nuna bai ma iso wurin ba, magana ta ƙare. Bayan haka sai a ɗora tsohuwar taswira a kan sabuwa a ga ramin da ya matsa da wanda bai motsa ba. Ɗaliban safiyo, wannan ai aikinku ne.

Abin ya sake faruwa a wannan fili dai. Tsarin da ake wasa a kai yanzu na William Flynn ne, an buɗe shi a 1931, amma an daɗe ana jingina shi ga Dick Wilson, wanda ya yi aiki ne a ƙarƙashin kamfanin su Flynn.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka riƙe gatari da shebur. Mutanen ƙabilar Shinnecock, 'yan asalin yankin, su suka share dajin a 1891. Kulob ɗin na ɗauke da sunan ƙabilarsu, amma duk gardamar masu tarihi a kan Davis da Dunn take, domin su ne jarida ta kama sunansu. Leburori kuwa, jimla ake ambatonsu.